Darasin Gida: Saƙar Zobe Tare da Yaranku

Iyalai da yawa da suka sauka a Zangon Kwatano da Gbégamey suna zaune ne a ɗaki ɗaya, wasu a gidan ɗan'uwa, wasu a haya. Babu gona, babu garke, babu filin da yaro zai yi guje-guje kamar yadda ya saba a gida. Titi cike yake da babura, uwa kuwa ba ta son ɗanta ya yi nisa a garin da bai san harshensa ba. Sai yini ya yi tsawo. Yara su dame ku, ku daka musu tsawa, kowa ya kwanta da ɓacin rai. Darasinmu na wannan fitowa a kan wata ƙaramar sana'ar hannu ce da babba da yaro za su iya yi a tabarma ɗaya, ba ta bukatar lantarki, ba ta cin wuri, kayanta kuma mafi yawansu ana samu a cikin abin da aka zubar. Muna kiranta saƙar zobe.

Menene saƙar zobe?

Kun san saƙar kwarashi, kun san ta allura biyu da ake yi wa jarirai kayan sanyi. Wannan 'yar'uwarsu ce, sai dai ta fi su sauƙi. Ana samun zobe na katako ko na roba, a jera masa ƙusoshi ko tsinke a gefe kamar haƙoran matsefi. Kowane haƙori yana riƙe da zagayen zare guda, wanda a darasin nan za mu riƙa ce wa "ido". A saƙar allura biyu hannu ne ke riƙe da dukkan idanun, shi ya sa yaro ke saurin gajiya idan suka zube. A nan zoben ne ke riƙe su. Yaro zai iya ajiye aikin ya tafi aike, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi.

Idan kun shiga shagon kayan ɗinki, irin wanda ake rubuta wa mercerie a ƙofa, sunan abin da Faransanci tricotin. Dabarar tsohuwa ce. Injin saƙa safa na farko, wanda wani Bature mai suna William Lee ya ƙera a Ingila a 1589, a kan wannan tunanin ya tsaya: kowane ido da abin da ke riƙe shi. Mu ma ba baƙin zare ba ne. Kakanninmu mata sun yi kaɗi da mazari, maza sun zauna a masaƙa suna fitar da saƙi da gwado da luru. Ƙasar da muke zaune a cikinta tana cikin manyan masu noman auduga a Afirka, musamman yankin Banikoara a arewa, kuma masaƙan Abomey har yau suna saƙa tufar da ake kira kanvo. Mun kawo wannan ne saboda iyaye maza. Kada wani ya hana ɗansa namiji zama a wannan aiki da cewa na mata ne. A ƙasar Hausa saƙa da ɗinkin hula maza sun yi su tun da daɗewa, ba wanda ya ga aibinsu.

A fara da ƙusa huɗu

Kada ku fara yaro da babban zobe. Ku nemi kwarkwaron zare na katako idan akwai, ko guntun gora, ko guntun bututun ruwa mai tsawon yatsa, abin dai da ke da rami a tsakiya. A kafa ƙananan ƙusa huɗu a bakinsa, nesa ɗaya da juna. Idan bututun roba ne ƙusa ba za ta shiga ba, sai a ɗaura tsinke huɗu a jikinsa ta waje da robar tayar keke, a bar kawunansu su ɗara bakin da kamar santimita biyu. Tsinken tsire da aka wanke ya bushe yana yi sosai, a dai gutsure tsininsa. A Zango ba a rasa shi.

Ku zura bakin zaren ta cikin ramin har ya leƙo ta ƙasa. Ku naɗa zaren sau ɗaya a kowace ƙusa har huɗun su samu. Daga nan sai yaro ya shimfiɗa zaren a gaban ƙusa ta farko, sama da idon da ke kanta, ya sa tsinke ko kwarashi ya ɗago idon ƙasa, ya tsallakar da shi kan zaren da kan ƙusar ya faɗa cikin rami. Ya juya kwarkwaron kaɗan, ya yi wa ƙusa ta biyu haka, ta uku, ta huɗu. Bayan kowane zagaye ya ja wutsiyar da ke ƙasa a hankali. Aikin ke nan gaba ɗaya.

Minti goma na farko ba abin da zai fito, a nan ne yara ke cewa ba ya yi. Ku ce ya ci gaba. Da zarar igiya mai laushi ta leƙo ta ƙasa, ba sai kun sake roƙonsa ba. Wannan igiya tana zama mazagin wando, ko maratayin jaka, ko abin ɗaure gashi. Idan ta yi tsawo a naɗe ta kamar gammo a ɗinke, ta zama faifan rufe kofi. Yaro ɗan shekara biyar ko shida yana iyawa. Ƙanensa da bai kai ba, a ba shi naɗin zare ya mai da shi ƙwallo, shi ma ya ji yana cikin aikin.

Yadda ake haɗa babban zobe

Wanda zai saƙa hula yana bukatar haƙora da yawa. Zoben da ake sayarwa a shago yawanci huɗu ne a jere: mai haƙora 24 na jariri sabon haihuwa, mai 31 na yaro, mai 36 da mai 41 na manya. Ba dole ku saya ba. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori, kada ta kai santimita biyu cif, kada kuma ta gaza ɗaya da rabi. Zoben haƙora 24 faɗinsa daga gefe zuwa gefe wajen santimita 14 ne, na 31 wajen 18 zuwa 19, na 36 wajen 22 zuwa 24.

Hanya mafi inganci ita ce ku kai wa kafinta wannan awo ya yanko muku zobe daga ragowar katako, ya goge shi da kyau, a kafa ƙusa masu ƙaramin kai, a bar santimita biyu zuwa biyu da rabi a waje. A ƙara ƙusa ɗaya a gefen zoben ta waje, ita ce madaurin zare. Idan babu kuɗin kafinta, babban gwangwanin madara ko na tumatir da aka cire wa gindi yana yi, amma sai an dandaƙe bakinsa an naɗe da tsumma ko salatif don kada ya yanki yaro, sannan a ɗaura tsinke kewaye da shi. Tsohon bokitin roba da ya fashe a gindi ma yana yi wa hular manya.

Ga dabarar raba haƙoran daidai ba tare da ma'auni ba. Ku yanko siririyar takarda da ta zagaye zoben cif. Ku ninka ta biyu, ku sake ninkawa, ku sake na uku. Idan kun buɗe za ku ga gida takwas. Ku raba kowane gida uku da biro, kun samu 24. Ku bar ɗan makaranta ya yi wannan da hannunsa, ya ga takwas sau uku a zahiri.

Iskar Kwatano tana ɗauke da gishirin teku, ƙusa tana saurin tsatsa. Tsatsa tana ɓata zare, rauninta kuma yana da haɗari. Ku nemi ƙusa mai farin rufi, ku ajiye zoben a wuri busasshe. Idan ƙusa ta soki yaro, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti a duba ko allurarsa ta tetanus ta cika.

Zare

Ulu sabo yana nan a kasuwa da shagunan kayan ɗinki, amma akwai hanya mai rahusa. A kasuwar gwanjo ana samun tsofaffin rigunan sanyi, waɗanda suka huje ko suka saki ba su da tsada domin ba mai sa su a zafin nan. Ku juya rigar ku duba ɗinkin gefenta. Idan an haɗa sassan ne da zare ɗaya ba a yanke bakin saƙar ba, za ta warware ta ba ku dogon zare. Idan kuwa an yanka ne aka bi bakin da keke, ku bar ta, guntaye kawai za ku samu. Ana fara warwara daga wuya ko kafaɗa zuwa ƙasa. Yara suna son wannan aikin ƙwarai, domin sau ɗaya ke nan da ake ce musu su ɓata tufa.

Zaren da aka warware yana fitowa a murɗe. Ku naɗa shi a bayan kujera, ku ɗaure a wuri uku ko huɗu, ku wanke da sabulu, ku shanya a inuwa da ɗan abu mai nauyi a rataye a ƙasa. Zai miƙe. Ku tabbata ya bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba zai yi fumfuna.

Idan ba ku san irin zaren ba, babba ya ƙona ɗan guntu nesa da yara. Auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi. Gashin tunkiya yana warin ƙonannen gashi. Zaren roba, wanda shi ne mafi yawa a kasuwa, narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Sanin wannan yana da amfani: yaron da ke sanye da kayan zaren roba kada ya matsa kusa da murhu ko fitilar kananzir, domin idan ya kama wuta yana manne wa fata.

Siririn zare ba ya cika babban zobe, hular sai ta fito kamar raga. Ku haɗa biyu ko uku ku riƙe su kamar ɗaya. Launi biyu a haɗe yana ba da kyau. Tsohuwar riga mai talewa da aka yanka siri-siri tana yin jaka, haka ma leda. A Porto-Novo matan ƙungiyar Qui dit mieux sun yi suna da saƙa jakunkuna da 'yar tsana daga ledar da aka tsinta aka wanke. Leda dai ta jaka ce, ba ta kan jariri ba.

Saƙa hular farko

Ku zauna ku ɗora zoben a cinya, haƙora suna kallon sama. Ku ɗaure bakin zaren a ƙusar gefe. Ku shigo da zaren cikin zoben, ku bi ta bayan haƙori na farko, ku zagayo ta gabansa, ku koma ciki, sannan ku wuce na biyu ku yi haka. Naɗin yana kama da ƙaramin harafin e na boko. Idan kun duba ta waje za ku ga kowane haƙori da idonsa shi kaɗai, layin da ya haɗa su yana ta ciki. In kun ga layin ta waje, an juya naɗin, a warware a sake.

Idan kun zagayo duka, ku tura idanun ƙasa da yatsa, ku sake zagaye na biyu a samansu. Yanzu kowane haƙori yana da ido biyu. A nan ne masu koyo suka fi shan wahala: da an saki zaren sai naɗin duka ya warware kamar an buɗe masa ƙofa. Maganinsa ku fara da haƙorin da kuka naɗa a ƙarshe. Ku sa kwarashi ku ɗago idon ƙasa, ku tsallakar da shi kan na sama da kan haƙorin, ya faɗa ciki. Wannan ya kulle zaren. Sai ku bi sauran ɗaya bayan ɗaya har kowane haƙori ya koma ido ɗaya. Layi ɗaya ya samu. A sake naɗi, a sake tsallakarwa. Bayan layi huɗu ko biyar ku kwance ƙullin ƙusar gefe don saƙar ta sauka ta cikin zoben.

Kada a ja zare da ƙarfi wajen naɗi. Yara suna matsewa don suna ganin haka ne ƙwarewa, sai idon ya ƙi ɗagowa, tsinke ya karye, a yi kuka. Ku nuna musu naɗin da kwarashi zai shiga ƙarƙashinsa ba da kokawa ba. Idan ido ya kuɓuce daga haƙori, kada a ja aikin. A kamo shi da kwarashi, a bi zarurrukan da suka saki kamar matakalar tsani, a jawo kowane ta cikin idon har a iso sama a mayar da shi wurinsa.

Bakin hula yana naɗewa da kansa idan an bar shi, wasu ma sun fi son haka ga jariri. Mai son baki mai kauri ya saƙa layi goma, ya kamo idanun layin farko daga ƙasa ta ciki, ya mayar da kowanne kan haƙorin da ke daidai da shi, ya tsallakar da na ƙasa. Baki ya ninku. A ci gaba har tsawon hular daga baki ya kai santimita 12 zuwa 13 ga sabon haihuwa, 17 zuwa 18 ga yaro, 20 zuwa 22 ga babba.

Wajen rufewa ku bar zare mai tsawon da zai zagaye zoben sau biyu, ku yanke, ku zura a basilla. Ku bi kowane haƙori ku shigar da basillar cikin idonsa, ku cire idon daga haƙorin. Idan duk sun hau zaren, ku ba yaron ya ja. Bakin zai tsuke kamar jakar kuɗi. A tura zaren ciki, a ƙulle, a ɓoye wutsiyoyi.

Rabon aiki mai kyau shi ne yaro ya naɗa, babba ya tsallakar, bayan layi biyar a yi musaya. Idan ɗanku bahago ne ku bar shi ya zagaya ta inda hannunsa ya fi so, hular ba za ta san bambanci ba, muddin bai sauya hanya a tsakiyar aiki ba.

Wa zai sa hula a Kwatano?

Tambaya ce mai kyau. Garin nan zafi ne da gumi mafi yawan shekara. Amma akwai safiyar hunturu a Disamba da Janairu, akwai iskar Yuli da Agusta, akwai 'yan zem da ke fita tun asuba. Akwai kuma 'yan'uwa a Kandi da Malanville da Gaya da Maraɗi inda sanyi ke shiga ƙashi, hula ba ta da nauyi a jakar mai tafiya.

Wanda ya fi kowa bukata shi ne jariri. Kansa babba ne idan aka gwada da jikinsa, zafi yana fita ta nan da sauri, ko a ƙasa mai zafi. Zafin jikin sabon haihuwa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Bakwaini da wanda aka haifa da ƙaramin nauyi su suka fi saurin yin sanyi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke koya wa uwa ta rungume shi fata da fata a ƙirjinta, da hula a kansa, dabarar da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978. Hular jariri a yi ta da zare mai laushi da aka wanke, babu maɓalli, babu dutsen ado, babu igiyar ɗaurewa a wuya. Da rana tsaka ko a ɗaki mai zafi, idan kun taɓa bayan wuyansa kun ji gumi, ku cire. Yaron da ake shirin yi wa ƙane, ku ba shi aikin hular. Kishin da yake ji yakan ragu idan ya ga abin da ya saƙa a kan jaririn ranar suna.

Abin da zaman yake yi wa yaro, da ku kanku

Yaran da suka ga tashin hankali ko suka yi doguwar tafiyar gudu ba duka suke faɗin abin da ke ransu ba. Wani ya koma fitsarin kwance, wani ya riƙa firgita cikin barci, wani ya manne wa uwa, wani ya zama mai faɗa, wani ya yi shiru. Idan kun zaunar da shi kun ce "gaya mini abin da ke damunka", sai ya sunkuyar da kai. Amma idan kuna zaune kafaɗa da kafaɗa, ido yana kan zare, hannu yana maimaita abu ɗaya, magana takan fito da kanta. Yana iya cewa, "Inna, akuyarmu fa, wa ke ba ta ruwa?" Kada ku tsayar da aikin ku zuba masa ido, kada kuma ku ce ya manta. Ku amsa da gaskiya gwargwadon shekarunsa, hannunku yana ci gaba. In bai ce komai ba, shi ma daidai ne.

A 2013 an buga wani bincike a Ingila da ya tambayi masu saƙa fiye da 3,500 daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu suka ce suna samun natsuwa bayan sun yi saƙa. Mutane ne da dama suna son abin, don haka ba mu ɗauke shi hujjar cewa saƙa magani ce ba. Abin da muka fi dogara da shi sananne ne ga duk mai aiki da yara: yaron da aka tumɓuke daga gidansu yana samun sauƙi idan yininsa yana da tsari, ya san bayan la'asar akwai zama da Inna ko Baba ko Kaka, yau da gobe da jibi. Minti ashirin zuwa talatin ya isa. Ku tashi tun yana so, kada ku jira ya gaji. Ramin da ya bari a hula kada ku warware shi da dare a ɓoye, yara suna ganewa.

Idan firgita, ƙin cin abinci, rashin barci ko shirun ya wuce makonni yana ƙaruwa, ko ku da kanku kun kasa barci, kun kasa kula da yaran, ku gaya wa ma'aikacin lafiya ko ma'aikatan jin daɗin jama'a da ke bibiyar iyalinku. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma zare ba zai maye gurbinsu ba.

Batun sayarwa

Za a samu mai cewa a mai da abin sana'a. Babba yana iya gwadawa, amma ya yi lissafi tukuna. A ce kun sayi ulu na jika ɗaya ya ba ku hula biyu, kowace ta ci dala ɗari kafin a sa ladan hannu da kuɗin zem zuwa kasuwa. Gwanjo kuma yana sayar da hula da arha. Inda ake ɗan samu shi ne kayan jarirai na barka da suna, da abin da aka yi wa mutum da launin da ya zaɓa. Yaro kuwa kada a ɗora masa adadin da zai saƙa a yini, kada a aza masa tire ya shiga kasuwa a lokacin karatu. Makarantar firamare ta gwamnati a Benin an cire mata kuɗin makaranta tun 2006, wanda ɗansa bai shiga ba ya nemi taimakon ma'aikatanmu wajen rajista.

Bayan kowane zama a tattara almakashi da basilla da kwarashi a gwangwani mai murfi, a ɗora inda mai rarrafe ba ya kaiwa. Doguwar igiya ma a naɗe ta a ajiye sama, kada ƙaramin yaro ya sa ta a wuya. Zoben da aikin da ke kansa a saka su a jakar tufa a rataye, kada a bar su a ƙasa, musamman a watannin ruwa da ɗakunan unguwar nan ke jiƙewa.